Rimi biyu, gwamnoni biyu: Yadda suna ɗaya ya rufe tarihin mutumin da ya mulki Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Idan ka shiga majalisar samari a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ka ce "Gwamna Rimi", kafin ka rufe baki wani zai ƙarasa maka: na Kano, Limamin Canji, wanda ya aika wa Sarki takardar tuhuma.

Amsar daidai ce. Sai dai akwai wani Gwamna Rimi daban, kuma shi ne ya mulki waɗannan garuruwa uku na tsawon shekara biyu da kusan wata uku. Sunansa Alhaji Abba Musa Rimi, gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna daga watan Yulin 1981 zuwa ƙarshen Satumban 1983, lokacin da duk ƙasar Katsina da Daura ke ƙarƙashin Kaduna.

Ni ma mai wannan rubutu na daɗe cikin wannan ruɗani. Ranar da aka sanar da rasuwar Muhammadu Abubakar Rimi a watan Afrilun 2010 ina ɗalibi, na zo hutu gidan kawuna a wani ƙauye na ƙasar Faskari. Da yake na taɓa ganin sunan Rimi a jerin gwamnonin tsohuwar Kaduna, sai na tarar da shi a zaure na yi masa gaisuwar rashin "tsohon gwamnanmu".

Kawu ya rage muryar rediyonsa ya dube ni. "Gwamnan wa? Kai ɗan nan, me ake koya muku a bokon? Na Kano ne ya rasu, Allah ya jiƙansa. Namu Abba Musa ne."

Daga ranar na fara bin diddigin mutanen biyu, kuma abin da na tarar ya sa na daina ganin laifin masu haɗa su. An haife su a shekara ɗaya, 1940. Jam'iyyarsu ɗaya, PRP. Da jam'iyyar ta dare gida biyu, gwamnatocinsu na ɓangare ɗaya. Sun riƙe kujerar gwamna a lokaci guda a jihohi biyu masu iyaka da juna. Da soja suka dawo kuma, dukansu sun shiga hannu. Amma ba 'yan uwa ba ne, kuma ba garinsu ɗaya ba.

Rimin Sumaila da Rimin Katsina

Rimi dai itace ne, dogon nan mai auduga da ake yi wa kirari da adon gari. Duk inda ya tsaya ya daɗe sai wurin ya ci sunansa. Shi ya sa ake da Unguwar Rimi a Kaduna, da Rimin Gado da Kasuwar Rimi a Kano, da garuruwa da dama masu wannan suna.

Abubakar Rimi ɗan ƙauyen Rimi ne da ke ƙasar Sumaila a kudancin Jihar Kano. Abba Musa Rimi kuwa sunansa ya fito ne daga Rimin Katsina, wadda yanzu ƙaramar hukuma ce. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano ta Charanchi da Kankiya ya san Lambar Rimi.

Ɗaukar sunan gari tsohuwar al'ada ce ta 'yan bokon Arewa. A makarantun Midil da Kwalejin Katsina, aji ɗaya kan tara Muhammadu biyar da Abubakar huɗu, ga shi kuma yara da yawa na jin nauyin ambatar sunan mahaifi. Sai malami ya bambanta su da garuruwansu a rajista, sunan kuma ya bi su har tsufa. Haka aka samu Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Shehu Shagari.

Har gobe ba a daina ba. A wannan mazaɓa ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa an yi Yakubu Lado Ɗanmarke da Murtala Isa Ƙanƙara da Shehu Ɗalhatu Tafoki, kowanne da sunan garinsa a bayansa. Dabarar da aka ƙirƙiro don bambanta yara a aji ita ce ta zo ta haɗa manyan mutum biyu a kan suna ɗaya.

Wane ne ya soke harajin?

Kafin a shiga rayuwarsu, akwai wani kuskure da wannan ruɗani ya haifar wanda ya kamata a gyara. Sau da yawa za ka ji matashi a yankin Funtuwa na cewa Rimi ne ya soke wa kakanninsa haraji da jangali.

Abubakar Rimi ya soke su, amma a Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau. A ƙasar Katsina, wanda ya yi shelar sokewar shi ne Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa, da hawansa mulki a watan Oktoban 1979. Mataimakinsa a ranar shi ne Abba Musa Rimi. Wato akwai Rimi a cikin labarin, amma ba wanda ake nufi ba.

Wanda bai rayu a zamanin ba zai yi wuya ya gane girman wannan mataki. Haraji kuɗi ne da ake ɗora wa kowane baligi namiji, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi. Wanda ya gaza biya yakan sha wulaƙanci a ƙofar fada, wani ya sayar da akuya ko hatsin da zai ci da iyali, wani ya tsere cin rani. Jangali kuma a kan kowace saniya ake biya, don haka lokacin ƙidaya lokaci ne na ɓoyon shanu a daji da rigima tsakanin Fulani da masu karɓa.

A yanki irin wannan, na masara da auduga da kasuwar shanu irin ta Sheme, babu gidan da sokewar ba ta taɓa ba. Tun zamanin NEPU ake wannan fafutuka, kuma PRP ta gaje ta. Shi ya sa dattawa ke tuna 1979 da sunan wanda ya yi musu, ba sa kuskure. Jikokinsu ne suka haɗa.

Ba zan wuce nan ba sai na faɗi abin da ke ran duk wanda ya san yankin a yau. Kalmar haraji ta dawo bakin manoman Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a 'yan shekarun nan, amma ba dagaci ke karɓa ba. 'Yan bindiga ne ke ɗora wa ƙauyuka kuɗi kafin a yi shuka ko a kwashe amfanin gona. Dattijon da ya ga ranar da gwamnati ta yafe masa haraji ya rayu ya ga ranar da ɗan daji ya ɗora masa wani.

Na Kano: mai majalisa a hannu

Abubakar Rimi bai shiga zaɓen 1979 da nufin zama gwamna ba. Ya kasance cikin Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1977 zuwa 1978, kuma kujerar Majalisar Dattawa yake nema. Sai hukumar zaɓe ta FEDECO ta hana ɗan takarar gwamna na PRP, Injiniya Salihi Iliyasu, tsayawa. Aka ɗauko Rimi aka maye gurbinsa. Ya hau mulki ranar 1 ga Oktoban 1979 yana ɗan shekara 39.

Abin da ya tarar shi ne abin da kowane gwamna ke mafarki. PRP na da kujeru 123 cikin 138 na Majalisar Dokokin Kano. Duk abin da ya kai, zai wuce. Kuma ya yi amfani da damar.

A 1980 gwamnatinsa ta ayyana 1 ga Mayu a matsayin ranar hutun ma'aikata, shekara guda kafin Gwamnatin Tarayya ta bi sahu. Ta kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci wadda aikinta ya samu lambar yabo ta UNESCO. Ta kafa kamfanin jaridar Triumph da gidan talabijin na CTV. Ga kuma baiwar magana. Rimi mutum ne da idan ya hau mumbari ko ya shiga rediyo, har abokan hamayyarsa kan tsaya su saurara, ko don su samu abin da za su mayar masa.

Amma da wannan ƙarfin ne ya shiga rigingimun da suka fi kowanne zafi a Jamhuriya ta Biyu.

Ta farko da maigidansa ce, Malam Aminu Kano. Rimi da Balarabe sun shiga tarukan gwamnoni tara masu kiran kansu 'yan ci gaba, tare da biyar na UPN da biyu na GNPP. Shugabannin PRP suka ce su daina, suka ƙi. Jam'iyya ta rabu: 'yan Santsi na gwamnonin biyu, waɗanda suka ɗauki tsohon shugaban ƙwadago Michael Imoudu a matsayin jagora, da 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam. Yadda ake ba da labari, ɓangaren Malam ne ya ce santsi ya kwashe yaran, su kuma suka mayar da cewa waɗanda suka tsaya sun maƙale a taɓo.

Ta biyu ita ce tarzomar Maitatsine ta Disamban 1980 a birnin Kano, wadda alƙaluman hukuma suka ce ta ci rayuka 4,177.

Ta uku da masarauta ce. Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu a Gaya da Rano da Ƙaraye da Dutse da Auyo, sannan a farkon Yulin 1981 gwamnatinsa ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga Yuli gari ya kama da wuta. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa, Dokta Bala Muhammad, a gidansa.

Ga wani suna kuma da ke ruɗa masu karatu a waya. Wannan Dokta Bala Muhammad malamin jami'a ne kuma tsohon ma'aikacin Sashen Hausa na Muryar Amurka. Ba shi da alaƙa da Sanata Bala Muhammad da ya zama gwamnan Bauchi a 2019, kuma ba shi ne Dokta Yusufu Bala Usman ba, masanin tarihin nan ɗan Musawa da ya riƙe Sakataren Gwamnatin Kaduna a zamanin PRP.

Na Kaduna: kujera a tsakiyar abokan hamayya

A makon da Kano ke ci da wuta, Abba Musa Rimi bai cika kwana bakwai a kujerar gwamnan Kaduna ba.

Yadda ya kai ga kujerar labari ne da ya kamata kowane ɗan Katsina ya sani, domin manyan 'yan wasan kusan duk 'yan gida ne.

A zaɓen 1979 masu zaɓe a tsohuwar Kaduna sun yi abin da ba a saba gani ba. Suka ba PRP mai alamar mabuɗi kujerar gwamna, Balarabe Musa ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN. Amma a Majalisar Dokoki suka ba NPN mai gida da masara kujeru 64 cikin 99, PRP ta tsira da 16. Kujeru biyu kacal suka rage wa NPN ta cika kashi biyu cikin uku da tsarin mulki ya gindaya kafin a tsige gwamna.

Shugaban Majalisar shi ne Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, daga Ɗanmusa maƙwabciyar Ƙanƙara. Jagoran masu rinjaye shi ne Alhaji Dauda Mani. Ɗan takarar da aka kayar, Bakatsine. Mataimakin gwamna, Bakatsine. Sakataren gwamnati, Bakatsine. A kan titi ana ihun "Nasara" da "Aminci", amma a zahiri rigimar Kaduna rabinta rigimar 'yan Katsina ce a tsakaninsu, tsakanin masu ganin a bar tsarin sarauta da na iyayen gida yadda yake da masu cewa a rusa shi.

Rabuwar ta shiga har cikin gidaje. Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina kuma tsohon Ministan Harkokin Legas, jigo ne a NPN. Ɗansa Umaru, malamin kwaleji a lokacin, yana tare da PRP. Shi ne Umarun da ya zo ya riƙe Gonar Sambo a yankin Funtuwa daga 1983, kafin ya zama gwamna sannan shugaban ƙasa.

Balarabe ya aika wa Majalisa sunayen kwamishinoni sau da dama, tana mayar masa. Ya ƙi saka 'yan NPN a ciki, su kuma suka ƙi amincewa da nasa. Haka ya yi mulkin wata ashirin da 'yan kai babu kwamishina ko ɗaya. Ranar 23 ga Yunin 1981 Majalisa ta tsige shi, ya zama gwamnan farar hula na farko da aka tsige a tarihin Najeriya. Ya je kotu, kotu ta ce tsarin mulki bai ba ta hurumin shiga maganar ba.

Sai kujera ta faɗo kan mataimaki.

A dubi matsayin da Abba Musa Rimi ya samu kansa. Majalisar da ta cire maigidansa tana nan da mutanenta, kuma ta riga ta koyi yadda ake yi. Gwamnatin Tarayya ta NPN ce, 'yan sanda na hannunta, Rediyon Tarayya na Kaduna da talakawa ke saurare ba ya tare da shi. Jam'iyyarsa ta rabu, uwar jam'iyya ba ta tare da ɓangarensa. Magoya bayan Balarabe kuma na zuba ido su ga ko zai ci amanar tafiya.

A cikin wannan hali ya yi abin da ya gagari wanda ya gada: ya samu ya kafa majalisar kwamishinoni, ya zauna da Majalisar Dokoki har wa'adi ya cika. Shi ma ya ga tasa tarzomar ta mabiya Maitatsine, wadda ta ɓarke a Kaduna a watan Oktoban 1982 bayan ta Bulumkutu a Maiduguri.

Ana iya karanta wannan ta fuska biyu, kuma tsofaffin 'yan PRP sun daɗe suna jayayya a kai. Masu tsattsauran ra'ayi na ganin duk wanda ya iya zama lafiya da waccan Majalisa to ya sassauta ne a kan aƙida. Wasu kuma na cewa jiha mai miliyoyin mutane ba za ta yi shekara huɗu babu kwamishinan lafiya ko na ilimi ba don kawai a nuna tsayuwa a kan gaskiya.

A nawa ganin, an fi yi wa Abba Musa rashin adalci. Balarabe ya bar suna mai tsabta, kuma ya cancanci hakan. Amma manomin Sabuwa da ke jiran taki da malamin firamare na Ƙanƙara da ke jiran albashi suna buƙatar gwamnatin da ke aiki, kuma wani ne ya zauna ya haɗiye abin da ya haɗiye kafin a samu hakan. Irin wannan aiki ba a yi masa waƙa.

Abin sha'awa, a shekarar ta 1981 Kano ma ta yi tata tsigewar, amma a juye. A Kaduna an cire gwamna mataimaki ya hau. A Kano Majalisa ta cire mataimakin gwamna, Alhaji Ibrahim Bibi Faruƙ, wanda ya tsaya a ɓangaren Malam Aminu Kano, aka naɗa Alhaji Abdu Dawakin Tofa.

Shekarar 1983 da abin da ya biyo baya

Malam Aminu Kano ya rasu ranar 17 ga Afrilun 1983. A watan Mayu Abubakar Rimi ya ajiye muƙamin gwamna don ya yi takara a jam'iyyar NPP, Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Kanawa suka juya masa baya a akwati, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya ci, kuma bai ɓata lokaci ba ya rushe sababbin masarautun. Wanda ya bi abin da ya faru a Kano daga 2019 zuwa 2024 zai ga cewa wasan bai canja ba.

A Kaduna, Lawal Kaita ya samu abin da ya kuɓuce masa a 1979. Abba Musa Rimi ya miƙa masa mulki a farkon Oktoba, Bakatsine ya miƙa wa Bakatsine. Mamman Ɗanmusa ya tafi Legas ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa. Wata uku kacal suka yi. Ranar 31 ga Disamban 1983 soja suka kifar da gwamnatin Shagari, wani ɗan tsohuwar Kadunan, Manjo Janar Muhammadu Buhari na Daura, ya hau.

Aka tsare gwamnonin farar hula, aka kafa kotunan soja na musamman ƙarƙashin Doka ta 3 ta 1984. Rimin Kano da Rimin Kaduna duk an yanke musu ɗauri mai tsawo a kan zarge-zargen da suka shafi kuɗi. Sun samu fita ne bayan Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a watan Agustan 1985 ya sa aka sake duba shari'o'in.

Daga nan hanyoyinsu suka rabu.

Abubakar Rimi bai taɓa barin fage ba. Ya yi SDP, ya zama Ministan Sadarwa a farkon mulkin Janar Sani Abacha, abin da masu sukarsa ba su taɓa yafe masa ba. Daga baya ya shiga cikin manyan da suka rubuta wa Abacha takardar adawa da tazarce, aka tsare shi tare da Sule Lamido a 1998. Yana cikin waɗanda suka kafa PDP, ya nemi tikitin shugaban ƙasa a 2003 ya sha kaye a hannun Obasanjo, ya fita zuwa AC, ya sake dawowa.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da jarrabawa. A watan Janairun 2006 aka kashe matarsa Hajiya Sa'adatu a gidansu da ke Kano. Ranar 4 ga Afrilun 2010, a kan hanyarsa ta dawowa daga Jihar Bauchi, 'yan fashi suka tare motarsa. Ba su harbe shi ba, amma jikinsa ya rikice, ya cika a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a daren.

Abba Musa Rimi kuwa ya koma rayuwar dattijon da ba a cika jin muryarsa a kafafen yaɗa labarai ba.

Gwamnan da ya faɗa tsakanin jihohi biyu

Hali na daga cikin dalilan da suka sa aka san ɗaya aka manta ɗaya. Amma akwai dalilin da ya fi wannan, kuma ba laifin kowa ba ne.

Ranar 23 ga Satumban 1987 Babangida ya cire Jihar Katsina daga Kaduna. Bisa tsarin ƙananan hukumomi na 1976, Ƙanƙara na ƙarƙashin Malumfashi ne, Faskari da Sabuwa na ƙarƙashin Funtuwa. Duk suka bi sabuwar jiha, daga baya kowacce ta samu ƙaramar hukumarta.

Sabuwar jiha ta buɗe sabon littafi. Yaron makaranta a Katsina yana haddace gwamnoninsa daga Kanar Abdullahi Sarki Mukhtar, gwamnan soja na farko, zuwa Alhaji Sa'idu Barda, farar hula na farko a 1992, sai 'Yar'aduwa da Shema da Masari da Raɗɗa. Babu Abba Musa Rimi a ciki, babu Lawal Kaita. Sunayensu na cikin jerin Kaduna, jihar da yanzu ba su cikin 'ya'yanta, kuma ba ta da wani dalili na siyasa da zai sa ta riƙa tuna su.

Lawal Kaita ya tsira daga mantuwa ne saboda ya ci gaba da siyasa da zafinta har kusan rasuwarsa a Janairun 2018, duk da cewa shi ma akan haɗa shi da Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina kuma Ministan Ilimi na Jihar Arewa a zamanin Sardauna. Abba Musa da ya ja baya, sai takwaransa ya cinye sunan gaba ɗaya.

Kano kuwa ta riƙe nata da hannu biyu. Kasuwar Sabon Gari tana ɗauke da sunan Muhammadu Abubakar Rimi. Gidan talabijin ɗin da ya kafa ya koma ARTV, da sunansa. Kwalejin horar da malamai ta Kumbotso ta ci sunan Sa'adatu Rimi. Duk ɗan kasuwar Funtuwa ko Ƙanƙara da ya je sari Kano zai ci karo da sunan kafin ya dawo. Rubuta "Gwamna Rimi" a wayarka ka gani hoton wa zai fara fitowa.

Kuma abin bai tsaya a tarihi ba. A watan Yunin 2022, da APC ta miƙa sunan Ibrahim Kabir Masari a matsayin mataimakin Bola Tinubu na wucin gadi, na ga mutane da dama a Facebook da WhatsApp suna taya Gwamna Aminu Bello Masari murna. Mutum biyu ne daga gari ɗaya a ƙasar Ƙafur. Wannan an gyara shi cikin kwana ɗaya domin dukansu na kan fage. Na Rimi ya shekara arba'in ba wanda ya damu ya gyara.

A zuwana na baya-bayan nan na sake tayar wa kawu da maganar. Yanzu ya bar ƙauyen, yana zaune a Funtuwa tare da 'ya'yansa tun da noma ya gagara a gonarsa ta bakin daji. Na tambaye shi abin da yake tunawa da Abba Musa.

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce bai taɓa ganinsa ido da ido ba, kuma ba zai iya kawo maka wata magana tasa da ta yi fice ba. Abin da ya sani shi ne an cire Balarabe mutane na cewa haraji zai dawo, shekara ta zagayo mai unguwa bai zo ba, wata ta sake zagayowa bai zo ba.

Sai jikarsa da ke aji uku a sakandare, wadda ke gefe tana sauraro, ta ce, "Kaka, wai Rimin nan ba shi ne mai kasuwa a Kano ba?"